Ranar da Sauda Ta Yi Mini Ƙaho

Assalamu alaikum, ma'abota wannan shafi. Ku ku gyara zama, ni kam kada a ce in zauna, don rabona da zama wuri ɗaya tun gero bai fitar da kai ba. Masu turo mini saƙo kuna cewa, "Ikhlas, ina aka kwana da maganar Malam Tasi'u?" ku yi haƙuri, yau zan zazzage muku komai.

Wanda yau ya fara leƙo mu, ga ni a taƙaice. Sunana Ikhlas, 'yar farin Baba Mala mai sayar da hatsi a Dawanau. Kakanninmu daga Barno suka zo, amma in ban da turaren wutar da Inna Amsa take haɗawa da laffayarta ta zuwa biki, babu abin da ya rage mana na can. Barbarcina bai wuce gaisuwa ba. Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Dawakin Tofa, irin garin nan da gona take farawa daga inda katanga ta ƙare, gida kuma yana jingine da gida. In ka yi atishawa a tsakar gidanmu, daga bayan darni za a yi maka addu'a. Ku riƙe wannan a ranku, zai yi amfani a gaba.

Ina koyarwa a firamare, shekaruna talatin da ɗaya. E, na faɗa, ku yi ta zaro ido. A ƙauyenmu mace ta kai haka a gidan ubanta, ko gaisuwar mutuwa ta je sai an yi mata addu'ar miji kafin a yi wa mamacin. To ana nan sai Allah ya kawo Tasi'u, ɗan gidan malamai daga Tofa, mai koyar da Larabci a sakandare. Dogo ne, siriri, ba ya rabo da farar shadda da hula zanna, kuma ko a waya sai ya rubuta sallama cikakkiya har da "wa barakatuhu" kafin ya tambaye ni ko na ci abinci. Da farko dariya yake ba ni. Ban san ranar da dariyar ta koma so ba, na dai wayi gari ina ƙonar da miya saboda duba waya. Manya suka shiga maganar, aka yi gaisuwa, aka ce da zarar an yanke gero za su zo sa rana.

Sai dai akwai abin da Tasi'u bai sani ba.

Da bazarar da ta wuce na yi wani zazzaɓi mai naci, aka tura ni babban asibiti a cikin Kano. Zazzaɓin ya tafi abinsa, amma a cikin gwaje-gwajen da aka yi sai aka hango wani abu daban. Likitar, wata mace mai gilashi da sanyin murya, ta sake sa aka ɗebi jinina, sannan ta zaunar da ni.

"Ikhlas, akwai wani furotin a jininki da bai kamata a ce yana nan ba," ta ce. "Wasu ƙwayoyi ne a cikin ɓargonki suke yin sa. Mu muna ce masa MGUS. Yawanci a jikin manya muke ganinsa, ba kasafai ake samunsa a masu shekarunki ba."

"Likita, kansa ce?"

"A'a. Ki saurare ni da kyau, ba kansa ba ce. Amma yana iya juyewa ya zama ciwon dajin ɓargo. A cikin mutum ɗari masu shi, kamar mutum ɗaya ne nasa yake juyewa a shekara. Mafi yawa da shi suke tsufa, bai taɓa yi musu komai ba."

"To wane magani zan sha?"

"Babu. Ba a shan komai. Sa ido kawai za mu riƙa yi, ki dawo bayan wata shida mu sake aunawa."

Jama'a, da ta ce mini ga allura ɗari, wallahi da na fi samun natsuwa. A ce abu yana zaune a jikinka, ba ya ciwo, ba ya fita, ba a korarsa, kai dai ka zuba masa ido! Tun daga ranar na zama 'yar sintirin jikina. In na sunkuya shara bayana ya ɗan sage, sai in tsaya cak da tsintsiya a hannu. In na yi hamma sau biyu a aji, sai in ce shi ke nan, kasalar da likita ta faɗa ce. Na riƙa jan ƙasan idona a madubi ina duba ko jinina ya ragu. A taron makaranta kuwa sai in kama kaina ina kallon layin yara, ina cewa a cikin ɗarin nan wace ce ɗayar.

Inna kaɗai na faɗa wa. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kama sunana, sai dai "ke" ko "'yar nan". Tana zaune tana jiƙa itacen turare da humra lokacin da na gama yi mata bayani.

"Yana yi miki zafi?"

"A'a, Inna."

"Ya hana ki cin tuwo?"

"A'a."

"Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka. Ta ce ba kamar sikila ba ne, kuma ba ya hana haihuwa."

"To ki rufe mini baki. Gwajin aure da hukuma ta ce a yi, ba kun yi ba? Ba ya fita lafiya ba? Abin da ba a tambaye ki ba, uban wa ya aike ki ki faɗa?"

"Inna, amana ce fa. Mutum zai aure ni..."

"Ke! Mutanen nan kalma ɗaya za su ji a duk dogon Turancin nan naki, daji. Daga nan ko sallamarsu ba za ki ƙara ji ba. Shekara nawa ina zuwa bikin 'ya'yan mutane da turarena? Sai yanzu da Allah ya dube ni za ki tsaya ki yi mini wa'azi?"

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sau nawa na rubuta wa Tasi'u, "Malam, akwai maganar da nake so mu yi," in goge. Ranar da na daure na tura, sai ga amsarsa: "Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya sa ba kuɗin zance za a ƙara mini ba, Malama." Na yi dariya har da hawaye, na ce masa launin labulen ɗaki nake so mu zaɓa. Ya ce shi duk launin da na ga dama, in dai ba ja ba, don kada ɗalibansa su ce ya buɗe shagon ɗinki.

Kada ku ɗauka Inna ta manta da zancen. Bakinta ne ya ce ba ciwo ba ne, ranta bai yarda ba. Sai in tsinci kunun safe yana ɗaci, in na tambaya ta ce gero ne sabo. Sai in ga an ajiye mini ruwan rubutu a kofin silba. Uwa ba ta iya zama ta zuba wa abu ido, ko da likitocin duniya ne suka ce ta yi hakan. Wata Asabar da hantsi, Baba ya tafi kasuwa, ina wankin kayan makaranta, sai na ji sallama. Ina ɗagowa na ga Sauda da zabirarta a hammata.

Sauda matar marigayi wanzamin garinmu ce. Da ya rasu ta gaji ƙahonsa, ita take bi gida-gida tana yi wa mata, daga nan har Tofa. Gajera ce, mai faɗi, haƙoranta jajaye da goro, kuma Allah ya yi mata hannu mai sauƙi da baki mai gudu.

Na bi Inna ɗaki. "Inna, me Sauda ta zo yi?"

"Ba a jini kika ce abin yake ba?"

"E, amma..."

"To a fitar da jinin mana. Su likitocin sun ce ba su da magani, mu muna da shi. A zuƙe mataccen jinin, a zubar, shi ke nan. In ya fita, me ya rage da za ki faɗa wa wani? Ba ki ɓoye komai ba ke nan."

Kun ji dabarar uwata. So take ta wanke ni daga ciwo, ta kuma wanke ni daga ƙarya, duk da ƙaho ɗaya. Na buɗe baki zan ce mata daga ɓargo abin yake fitowa, ko an kwashe jinin wani zai sake zuwa, sai na ga idonta. Inna ba ta kuka a gabana, ranar ma ba ta yi ba, amma haɓarta tana rawa. Na cire rigata na ɗaura zani.

Aka shimfiɗa tabarma a bayan rumbu, inda inuwar darbejiya take. Na zauna na rungume gwiwoyina. Sauda ta fito da ƙahonni ƙanana baƙaƙe, sun sha hannu har suna sheƙi, ta ɓare sabuwar reza a gabana don in gani. Ta kafa na farko a kafaɗata, ta sa baki ta zuƙe iskar, ta toshe. Fatata ta tattaru ciki. Da ta cire ta yi 'yan tsage-tsage, ta mayar, ta sake zuƙa.

"Me ke damun amaryar tamu ne, Amsa?" ta tambaya.

"Ciwon jiki ne kawai," in ji Inna.

"Haba. Ciwon jiki a wannan shekarun? Faɗa mini gaskiya in san inda zan kafa. Na baya daban, na jini daban."

Na juyo ina yi wa Inna ido. Ba ta kalle ni ba. Ta rage murya, ita a dole sirri take yi, ta ce, "Likitoci ne suka ce wai akwai wani abu a jininta. Wai in an bar shi yana iya zama daji. Amma don Allah, Sauda, daga ni sai ke."

"Subhanallahi! Ai kin kira inda ya dace. Bakina ƙanin ƙafata, Amsa, kin san ni."

Na san ta kuwa.

Da ta ɓalle ƙahon ta juye shi a kaskon toka, sai ga jini baƙi, ya daskare guda-guda. Duk wanda ya taɓa ganin ƙaho ya san haka jinin yake fita, ko na wane ne. Amma Sauda ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"Kin gani? Kin ga mugun abun? Dubi yadda ya yi gudaji! Wallahi da an ƙara wata ɗaya da sai dai wani zancen. Allah ya rufa asiri, na zuƙe shi tas."

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Sauda tana goge mini baya tana ta zuba: ita hannunta gado ne, ko Malama Asama'u ta Tofa ba ta yarda da kowa sai ita, duk wata sai ta je ta kafa mata saboda ciwon bayan nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, jibi ma can za ta.

Malama Asama'u ita ce mahaifiyar Tasi'u.

Na dubi Inna, Inna ta dubi kaskon toka. Ta ƙara wa Sauda turare a kan ladanta, ta raka ta har zaure tana ta maimaita mata "daga ni sai ke". Ni kuwa ina zaune a bayan rumbu, bayana yana zafi, ina jin matar maƙwabcinmu ta daina daka tun ɗazu.

Ku kada ku zagi Sauda da yawa. Ba da mugunta ta yi ba. A ganinta ta yi aikin da likitocin birni suka kasa, kuma wa zai yi irin wannan ya yi shiru? Albishir ta kai. Ta je ta kafa wa Malama ƙaho, ta ce mata ta gode wa Allah, surukarta ta gobe ta tashi daga ciwon daji, ita da hannunta ta cire shi.

Saƙon Tasi'u na safe ya daina zuwa. Na tura sallama, alama ta nuna ya karanta, shiru. Na kira, ta yi ta ringi har ta katse. Ranar na share tsakar gida sau uku, na kwance kitsona ba dalili, na fito da atamfofin akwatina na sake ninkewa. A makaranta na rubuta kwanan wata a allo na tsaya ina kallonsa har yara suka fara dariya. A hanya mata suka riƙa yi mini sannu da wata irin murya, irin wadda ake yi wa mai takaba. Wata tsohuwa har da riƙe mini hannu: "Ashe haka kika sha fama, 'yar Mala? Ga ki kuwa kamar lafiyayya."

Sai ga saƙon Khaulat, ƙanwar Tasi'u, wadda muke ɗasawa da ita: "Anti Ikhlas, wai da gaske ne? Gidanmu fa ya rikice. Baffanni sun ce a dakata da sa rana. Yaya ko abinci ba ya ci."

Na miƙa wa Inna wayar, na manta ba ta karatun boko. Na karanta mata. Ta zauna daɓas a bakin murhu.

"Na kashe ki da hannuna," ta ce a hankali. "Garin in rufe, na yaye."

Na so in ji haushinta, na kasa. Tsoro ne ya sa ta, irin wanda ya sa ni ma na yi ta goge saƙo.

Ranar Juma'a bayan La'asar na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Ko a cikin babura dubu na san ƙarar nasa. Na zura doguwar riga ruwan toka, na yafa mayafi, ko hoda ban shafa ba. Inna ta biyo ni da kaskon turare, na ce ta bar shi.

Yana tsaye a zaure, bai zauna a tabarmar ba. Shaddar ta yamutse, idonsa ya faɗa.

"Malama," ya ce, ba sallamar nan mai tsawo, "tambaya ɗaya na zo da ita. Kina da ciwon daji?"

"Ba ni da shi."

"To me Sauda ta cire?"

"Jini ta cire, Malam. Jinina mai kyau, wanda nake bukata."

Ya kusa yin murmushi, ya fasa. Na ce ya zauna. Na faɗa masa komai, tun daga zazzaɓin bazara har kaskon toka. Na faɗa masa maganar mutum ɗaya cikin ɗari, na ce abin yana nan bai je ko'ina ba, kuma ba zai je ba, duk rayuwata zan riƙa zuwa ana aunawa. Na ce yana iya yiwuwa in tsufa in ga jikoki, yana iya yiwuwa kuma wata shekara a ce ya juye.

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Ranar da kika ce mini labule," ya ce, "wannan ce maganar?"

"Ita ce."

"Na yi ta yi miki wasa, ashe ke kina..." Ya haɗiye sauran. "Ikhlas, kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Ina zaune a ɗakin Umma, mai ƙaho tana ba da labarin matar da zan aura, ni ina jin sa kamar baƙo. Kowa ya juyo yana kallona, wai ko na sani."

"Na ji tsoro ne."

"Ni ma yanzu tsoron nake ji. Ba zan yi miki ƙarya in ce ban ji ba. Amma da a bakinki na ji, da tare muka ji shi."

Na sa gefen mayafi na share fuskata. "To yanzu fa?"

"Ni ina nan inda nake. Sai dai ki yi mini alkawari ɗaya. Daga yau, mai daɗi ko marar daɗi, kada ki ƙara ɓoye mini komai. Ko mene ne."

"Na yi alkawari. Wallahi na yi."

Ku lura da rantsuwar nan, ni na yi ta da bakina, ba wanda ya matsa mini.

Ya ce saura Umma. Baffanni ita suke saurare, in ta ce a sa rana za a sa, in ta ce a'a, an gama. Ita kuma ta ce ba ta yarda da zancen Sauda ba, ba za ta yarda da nawa ba, sai ta ji daga bakin likita da kunnenta. Na ce masa dama wata shidan sun cika, na riga na je an ɗebi jinin, ranar Talata zan koma jin sakamako.

"To da ita za ku," ya ce. "Ta ce ban da ni, maganar mata ce. Ki dai lallaɓa ta a hanya, bayan nan yana matsa mata. Yanzu ma a zaune take sallah."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Sakamakon da ni kaina nake tsoron ji, shi zan je in ji a gaban surukata. In adadin ya hau fa? A take zan rasa lafiya in rasa miji, a kujera ɗaya. Inna ta fito mini da laffayarta mai ruwan zuma, wadda ba ta taɓa bari na taɓa ba, ta turara ta har sai da ɗakin ya yi duhu. Da ta zo naɗa mini ta ga tabon ƙahon a kafaɗata, sai ta sa tafin hannu ta rufe shi, ta daɗe a haka.

Talata da safe motar haya ta tsaya a bakin titi, Malama Asama'u tana baya. Farar mace ce, doguwa kamar ɗanta, da hijabi ruwan ƙasa har ƙasa da carbi a hannu. Matan Tofa da yawa a gabanta suka sauke Alƙur'ani, kuma an ce ba ta maimaita magana. Na durƙusa a bakin mota na gaishe ta.

"Shigo, 'yata, rana tana yi," ta ce.

Muka kama hanya. Gero duk an yanke an jingine, dawa ce ta rage a tsaye, jakuna suna ta jigilar kara. Ni dai kaina yana ƙasa, kun san zama da suruka. Amma ta gefen ido ina ganinta. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta runtse ido ta cije leɓe, hannunta ya tafi ƙugu. Da za mu sauka sai da na riƙe ta, na ji hannun nata ba nauyi, awarwaronta yana ta zamewa har gwiwar hannu. Daga bakin ƙofa zuwa ɗakin likita sau biyu tana tsayawa ta huta.

Likita ta gane ni. Na ce mata wannan mahaifiyar wanda zan aura ce, ta yi bayani a gabanta, na yarda. Ta duba kwamfutarta.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Yana nan yadda yake, bai motsa ba. Jininki lafiya, ƙodarki lafiya."

Na yi hamdala. Na ba ta labarin ƙahon, ta girgiza kai ta ce kada in sake, ba ya cire komai.

Malama ta gyara zama da ƙyar. "Likita, ni ba boko na yi ba, ki yi mini dalla-dalla. Yarinyar nan tana da daji ko ba ta da shi?"

"Ba ta da shi, Hajiya."

"Za ta haihu?"

"In Allah ya ba ta. Wannan ba ya hanawa."

"Zai iya zama dajin?"

"Zai iya, amma mafi yawa ba ya zama. Shi ya sa muke aunawa, don in ya fara juyawa mu tare shi da wuri."

"To ta yaya ake gane ya juya?"

Likita ta ajiye biro. "Ciwon ƙashi mai naci, musamman baya ko haƙarƙari, wanda ba ya jin magani. Kasala, mutum ya yi 'yar tafiya ya gaji. Rama ba dalili. Yawan zazzaɓi ko tari, yau ya warke gobe ya dawo. Wani lokaci fitsari ya riƙa kumfa."

Ina kallon carbin Malama. Tun daga "baya" ya daina tafiya.

Likita ta dube ta, irin kallon da ta yi mini da bazara, ta sauke murya.

"Hajiya, na ga yadda kika shigo. Tun yaushe bayan yake ciwo?"

"Tsufa ne."

"Zai iya zama tsufan, sau da yawa shi ne. Amma tun yaushe?"

"Tun azumin bara," ta ce, kamar an fizgo maganar daga bakinta.

"Ina so a ɗebi jininki yau, a kuma ɗauki hoton bayan. Ban ce ga abin da yake damunki ba, sai mun gani. Amma kada a ƙara jinkiri."

Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta miƙe a hankali, ta dafa kafaɗata daidai kan tabon Sauda, ta ce in kai ta wurin. Da za a soka allurar ta kawar da kai kamar ƙaramar yarinya, na riƙe mata ɗaya hannun. Aka ce mu dawo mako mai zuwa.

Muka fito muka zauna a wani benci a ƙarƙashin bishiya, tana mayar da numfashi. Masu jinya suna ta wucewa da kwanuka da filas. Ta daɗe tana kallonsu.

"Wata shida kina ɗauke da wannan zullumin?" ta ce.

"E, Umma."

"Ni ko awa ɗaya ban yi ba, ga shi ya gagare ni." Ta juyo ta dube ni sosai, karo na farko. "Zan kira baffanninsa. Ranar Asabar za su zo a sa rana, kuma ba na son a sa ta da nisa."

Na zame daga bencin zan durƙusa, hawaye yana zuba, ta riƙo hannuna ta mayar da ni. Riƙon ya yi ƙarfi, har awarwaronta yana shiga fatata.

"Mako mai zuwa ke za ki rako ni. Za mu ce sayayyar kayan biki za mu. Amma ki ji ni da kyau, 'yata. Tasi'u ba zai ji wannan ba. Ubansa bai daɗe da rasuwa ba, ba zan sa masa wani tashin hankalin ana shirin aurensa ba. Ko Khaulat ban yarda ta sani ba. Daga ni sai ke."

Daga ni sai ke. Kalmomin Inna sak, a bakin wata uwar.

Ban kai ga amsawa ba wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na ciro ta da hannun da ba a riƙe ba. Sallamar nan ce ta dawo, cikakkiya har da "wa barakatuhu", sannan:

"Malama, na kasa koyar da komai tun safe. Me likita ta ce? Yaya Umma ta yi da hanya? Ki faɗa mini duka, kin tuna alkawarinmu."

Umma ta dubi wayar, ta dube ni, ba ta saki hannuna ba. Na rubuta masa, "Wa alaikumus salam." A ƙasan sunansa alama ta nuna yana nan, yana jira, ni kuma babban yatsana yana tsaye a kan allon.